Yatsuna Biyu da Suka Rage a Kasuwar Kebbe

Ku ƙirga da kyau. Na dama biyar, na hagu uku. Duk saurayin da ya tare ni a tashar Tambuwal ya ce, "Baba Arzika, ka ba mu maganin kama kura mu ma mu ci abinci ba wahala," ba na yi masa faɗa. Hannun hagu nake miƙa masa mu gaisa. Da yawansu nan take suke tuna an aike su gida.

A ganinku aikin gardi shi ne a sha magani, a ɗaura warki, a sa akayau a ƙafa a yi ta tsalle. Magani kam na sha. Na sha saiwar da ɗacinta ya sa tsutsar cikina ta yi ƙaura zuwa Jega. Amma hannun da na yi shekara bakwai ina sakawa a bakin kura kowace ranar kasuwa, ba saiwa ke dawo mini da shi ba. Abu biyu ke dawo da shi, ƙarfe da burgami. Ranar da ɗaya ya mutu ban sani ba, ita ce zan ba ku labari, tunda Allah ya bar mini hannun rubutu cikakke, kuma na koyi boko a ajin manya.

Ubangidana Baba Tunau ne, mutumin Sanyinna. Shekara biyu na yi a gidansa ban taɓa kura ba, kashinta kawai nake kwashewa. Aikin farko da ya damƙa mini wani bika ne, gwaggon biri mai jan gindi, muna kiransa Mai Unguwa. Aka ce in koya masa alkafura. Na cika aljihu da gyaɗa. Ya juya, in ba shi. Ya juya, in ba shi. Cikin sati biyu ya ƙware har ina ganin na fi ubangidana iyawa. Ranar kasuwar Sanyinna, ana tsakiyar kallo gyaɗa ta ƙare. Ya juya ya miƙo hannu, babu. Ya sake juyawa ya miƙo, babu. Bai yi ta uku ba. Ya zo ya laluba aljihuna ciki da waje, ya dube ni, ya sharara mini marin da har yau in hadari ya taso kunnen nan yana yi mini kiɗa.

Baba Tunau ya bari aka gama dariya, sannan ya ce, "Kai kab ɓata shi. Ka maishe shi lebura, aiki biya, aiki biya. Ranar da babu biya, mi kaka so shi yi maka?"

Ya zaro wata 'yar jakar fata daga wuyansa. Tsakuwa bakwai ne a ciki, shida baƙaƙe, ɗaya fara. Dabba ta yi abin da aka ce, sai ya zura hannu ya ɗauko ɗaya bai duba ba. Fara ta fito, a ba ta nama. Baƙa ta fito, ko kallon arziki babu. A mai da tsakuwa, a girgiza. Wani lokaci fara ta zo sau biyu a jere, wani lokaci a yi ashirin ba a gan ta ba.

Na ce, "Baba, mi zai hana ka ƙirga da kai, ka ba ta kowane na bakwai?"

Ya ce, "In kai ka san ranar, ita ma ta sani. Fuskarka taka karatu. Bari ta yi ta jiran ko yanzu, ko yanzu."

Ku da kuke zama gindin 'yan karta a bayan tasha, kun san wannan ciwon. An cinye ku sau tara, kun ci sau ɗaya, gobe kuna can tun kafin mai kartar ya karya kumallo.

Kurar da ta ciyar da ni, a dajin Kebbe muka kamo ta, da rana tsaka, lokacin da suke kwance a rami. Ni aka tura. Aka ɗaura mini igiya a ƙafa, na shiga da rarrafe, tsirara sai bante, bargo a hannu. Ramin ya yi tsawon daga nan zuwa Sakkwato, ko da yake Baba Tunau ya ce bai fi taku goma ba, amma shi a waje yake. Wari ya fara tarbata, sai zafi, sai na ji numfashin da ba nawa ba yana taɓa mini goshi. Ba na ganin komai sai ido biyu. Ba ta yi gurnani ba, kuma shirun ne ya fi muni. Na jefa mata bargo a ka, na rungume, na harba ƙafa, suka jawo mu tare. Matashiya ce, ba ta gama girma ba. Na sa mata suna Uwarɗaki, don na san ita za ta riƙa ciyar da ni.

Horonta iri biyu ne, kuma ku riƙe su daban.

Na farko burgami, jakar fatar akuya da muke zuba nama. A buga shi da tafin hannu sau uku, ta wangame baki. Da fari kowane buɗewa da tsoka, har ta gane. Daga nan sai tsakuwa ta karɓi hukunci.

Na biyu ƙarfe. Ruwan tsohuwar hauya ne, an huda shi an rataya a igiya, ana bugunsa da babbar ƙusa. Ƙwal. A jira numfashi ɗaya. In ba ta kwanta ta ɗora haɓa a ƙasa ba, kulkin kirya ya sauka a kafaɗa. In ta kwanta, babu duka. Kwana tara kacal Uwarɗaki ta sha kulki. Daga ranar goma, kafin ƙarar ta bar kunnenka ta riga ta baje. Shekara bakwai ba a sake taɓa ta ba. Ni har na gaji da ɗaukar kirya mai nauyi, na sa aka sassaƙa mini na icen rimi na shafa masa baƙi, kulkin da ko kaza ka buga wa sai ta juyo ta tambaye ka lafiya.

Na taɓa ce wa Baba Tunau, "Wai ba ta gane an daina dukan ba?"

Ya ce, "Yaushe tat tsaya ta gani? Kullum kwantawa taka yi, ta ga ba a buge ta ba, ta ce kwanciyar ta cece ta. Wanga shi ad dukiyarka."

Ya kafa mini dokoki da yawa. Kada in tsaya bayanta, kada in zo mata da warin man shanu, kada in cire takunkumi turke bai kafu ba. Kowace ya faɗi dalili, sai guda ɗaya.

"Kak ka sauka maƙera da kura. Ko ruwa aka yi da ƙanƙara."

"Don mi, Baba?"

"Haka nit tarar."

Na ɗauka zancen asiri ne. Kowa ya san maƙera da maganin ƙarfe, na ce watakila nasu yana karya namu. Na ajiye dokar a wajen camfi, kusa da ta hana yin fito a gida.

Ga yadda wasa yake tafiya. Hantsi makaɗi, dattijo mai ɗingishi, ya ɗora ganga har fili ya cika. In yi rawa, in yi kirari, in sayar da gashin kura da guntun igiyarta. Sai mata su kawo yaran da suka daɗe ba su yi tafiya ba, in ɗora su bayanta ɗaya bayan ɗaya, takunkumi na bakinta. A ƙarshe ake abin da aka zo gani. In kwance takunkumi. In buga ƙarfe, ta kwanta. In buga burgami, ta buɗe baki, in zura hannun hagu har wuyan hannu, in zagaya ido ina dariya, in zare. In sake buga ƙarfe, ta ɗora haɓa a ƙasa, in mai da takunkumi. Ku lura da wannan: takunkumin igiya ba ya shiga sai tana kwance. Kura a tsaye, mutum biyar ba su sa mata shi.

Shekarar da aka samu mulkin kai mun ci duniya. Kowane gari ana biki, ana nemanmu. A filin makarantar Tambuwal kwabo da sisi suka zubo har Hantsi ya ce gangarsa ta yi nauyi. Baba Tunau bai daɗe bayan nan ba ya rasu, a kan tabarmarsa, da yatsunsa goma. Ya bar mini kura da ƙarfe da jakar tsakuwa.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya yi jinkiri, aka yi shuka ta ƙone, hatsi ya ɓuya. Huhu da hanji da mahauta ke watso mana kyauta, mutane suka koma saye suna dafawa. Na zama ina takara da magidanta a kan abincin kura. Uwarɗaki ta koma cin busasshiyar fata da ƙashin da kare ya raina. Kasuwa fuɗu a jere burgamina tsumma ne a ciki, na cusa don ya yi kumburi. Ko farar tsakuwa ta fito babu abin bayarwa. Duk da haka, in na buga, sai ta buɗe. Da irin horon Mai Unguwa na yi mata, da tun kasuwar farko an yi jana'izar hannuna.

Muka nufi Kebbe kwana fuɗu kafin kasuwa, don hadari ya fara haɗuwa, in rafi ya kawo ba mu wucewa da jaki. Muna shiga gari ruwa ya sauko kamar an fasa sama. Mahaucin da muke sauka gidansa ya tafi kudu neman abinci, gidan a kulle. Duk ƙofar da muka tsaya, da an leƙo an ga abin da ke bayanmu sai a ce mai gida ba ya nan, ko da shi ne ya leƙo. Gado maƙeri kaɗai ya fito.

"Arzika, ku shigo mana, kuna tsaye kamar an kore ku daga lahira."

Na ce, "Gado, ubangidana ya hana ni maƙera. Maganinku shina karya namu."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Wane magani? Wallahi in ina da maganin da ka karya wani abu, yunwa zan fara karyawa. Shigo."

Ya rantse, ruwa na dukanmu, Hantsi na rawar ɗari. Na shiga.

Matarsa Kulu ce ta kafa sharaɗi. Awaki uku suka rage mata a duniya, kuma a tsakar gidan suke yini. Ta ce, "Wagga dabba ba ta yini kusa da bisashena da doguwar sarƙa. A ɗaure ta sama, gajere." Akwai gungumen kirya a jikin rumfar maƙera. Na ɗaure sarƙar a saman gungumen, na bar mata kamar taƙi ɗaya. Tana iya tsayawa, tana iya tsugunawa, amma haɓarta ba ta isa ƙasa. In rana ta faɗi an kulle awaki sai in sassauta mata.

Ruwan nan shi ne wanda manoma suka yi wata biyu suna jira. Gari na wayewa duk ƙauyukan Kebbe suka kwararo da hauyoyinsu a gyara. Gado da ƙannensa biyu suka hura wuta, suka ɗora ruwan hauya a kan uwar maƙera. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, daga hantsi har la'asar sakaliya.

Ni ina gari ina farautar ƙashi. Da na dawo da azahar na tarar Uwarɗaki tana fizgar sarƙa da ƙarfin da ban taɓa gani ba, tana son kai kanta ƙasa, wuyanta ya goge har jini, ta yi fitsari a tsaye. Na ce yunwa ce da warin awaki. Rana ta biyu fizgar ta ragu. Rana ta uku na same ta tsaye shiru, ana ta dukan ƙarfe taku uku daga kunnenta, ita kuwa tana kallon Gado ta cikin takunkumi, ko kunne ba ta kaɗawa.

Na ce, "Ka gani, Gado, ta saba da gidanka."

Ya ce, "Ai mu gidanmu ba a baƙunta."

Muka yi dariya mu biyu. Ni da bakina na faɗi haka.

Ranar kasuwa gari ya yi fes. Mutane sun ga ruwa, rai ya dawo, fili ya cika fiye da zatona. Na kafa turke na ɗaura sarƙa. Ƙasa ta jiƙe, turken ya shige da bugu biyu, ni kuwa har na ji daɗin sauƙin. Aka yi rawa, aka yi ciniki. Ta ƙarshe a masu kawo yara wata Bafillatana ce da ɗiyarta 'yar shekara biyu da ba ta taɓa takawa ba. Na ɗora ta, na sauke, na miƙa wa uwar. Maimakon ta koma baya sai ta durƙusa nan gaba-gaba, ta zaunar da yarinyar a ƙasa tana ba ta nono a ludayi. Yarinyar kuwa an shafe ta da man shanu tun daga ka har ƙafa, tana ta ƙyalli.

Na kwance takunkumi na rataya a kafaɗa. Na ɗaga ƙarfe. Ƙwal.

Uwarɗaki tana tsaye.

Na yi wa jama'a dariya na ce, "Yau uwar ɗakina sarauta taka ji." Aka yi dariya. Na matsa kusa da kunnenta. Ƙwal.

Ta ɗago ta dube ni. Shekara bakwai ban ga tsakiyar idonta ba tun cikin rami, don kullum kanta a ƙasa yake. Irin kallon da ta yi wa Gado ne. A cikin shirun nan, daga can gefen kasuwa, iska ta kawo mini ƙarar maƙera, ƙwal, ƙwal, murya ɗaya da abin da ke hannuna. Nan na gane dokar Baba Tunau, a tsaye, takunkumi a kafaɗa. Kwana uku ana buga mata ƙarfe sau dubu, na hana ta kwanciya da hannuna, kuma ko sau ɗaya kulki bai sauka ba. Na tilasta mata ta tsaya ta gani, ta kuwa gani.

Na ce a hankali, "Hantsi, kak ka bar kiɗi."

Ya ce, bakinsa bai motsa ba, "Mi ya faru?"

"Ƙarfe ya mutu."

Gangar ta yi tuntuɓe ta ci gaba. Kulkin rimi yana ɗamarata, na san in na buga mata shi ya karye, na ƙara mata karatu na biyu. In na yi ihu a watse, gudu za a yi, kuma babu abin da kura ke so kamar abin da ke gudu.

Ta juya kai. Hancinta ya buɗe ya rufe. Ta taka ɗaya, ta taka biyu, wajen yarinyar. Sarƙa ta miƙe. Na ga turken yana tasowa daga laka a hankali, kamar ana zare haƙori. Tsakanin bakinta da ƙafar yarinyar bai fi kamu biyu ba. Uwar tana murmushi, ta ɗauka cikin wasan ne.

Abin da ya saura gare ni shi ne abin da nake sayarwa. Na shiga tsakani na miƙa mata hannun hagu a hanci.

Ta karɓa. Ba irin karɓar ranar kasuwa ba. Na ji ƙarar kafin in ji zafin, kamar an taka busasshen kara. Kura ba ta cizo ta saki, riƙewa take tana matsawa, tana ja baya. Na durƙusa na bi ta don kada ta tafi da hannun duka. Jama'a suka ɗauki sowa. Wani yana cewa, "Kai, wanga gardi ya iya!"

Da hannun dama na laluba burgami a ƙuguna. Tsumma ne a ciki, ni na sani. Rabonta da samun ko ƙwaya daga cikinsa wata guda. Na buga sau uku. Ta ƙara matsawa, wani ƙashi ya tafi. Na sake bugawa. Kunnenta ɗaya ya motsa. Na ce a raina, ko yanzu, Uwarɗaki, ko yanzu. Na buga karo na uku da duk abin da ya rage mini.

Ta wangame baki tana jiran tsoka.

Na zare abin da ya saura na hannuna, na cusa mata burgamin gaba ɗaya har maƙogwaro, na faɗa kan wuyanta. Hantsi ya yar da ganga, gurgun nan ya yi tsallen da bai yi ba tun zamanin samartaka, ya danne ƙugunta. Wasu Fulani biyu da suka ga jini suka gane, suka kama sarƙa. Tana fama da tsumma, muka kai haɓarta ƙasa da ƙarfin tsiya, na ɗaura takunkumi da hannu ɗaya da haƙorana.

Kuɗin da aka watso ranar ya fi na bikin mulkin kai. Mutanen baya ba su san komai ba, har wani yana roƙon a sake. Bafillatanar ta saɓa ɗiyarta ta matso ta ce, "Mai kura, ba ka ba ni gashin ba." Na ce ta tsinta a ƙasa, akwai da yawa, har da na kyauta.

Gado ne ya tsayar da jinin da jan ƙarfe daga wutarsa, ni kuwa na yi ƙarar da aka ce an ji a Tambuwal. Yana ƙonawa yana cewa, "Ka ga ai na faɗa maka ba ni da magani." Na ce, "Gaskiyarka, Gado. Hauya kaka da."

Da hannu ya warke na ɗauko kulkin kirya na sake mata karatun ƙarfe. Ta koma kwanciya, amma sai ta ɗan jira tukuna, ido ɗaya a kaina, tana auna ko da gaske ne. Wannan ɗan jiran ya ishe ni. Ban sake cire mata takunkumi a gaban mutane ba har ta mutu, ni kuma na koma sayar da magani a tasha.

To, masu son magani, ga abin da ya rage. Yau shekara ashirin ke nan. Uwarɗaki ta zama ƙasa, babu kura ko ɗaya a cikin garin Tambuwal. Amma kun sha ganina ina zagayawa ta bayan 'yan hatsi in zan shiga kasuwa, kuna cewa Baba Arzika yana gudun masu tsokana. Rumfar maƙera nake kauce wa. In kuwa iska ta yi mini shigar sauri ta kawo ƙwal ɗin nan, kafin in san abin da nake yi hannun hagu ya riga ya shige hammata. Hantsi, Allah ya jiƙansa, ya sha ce mini, "Arzika, fito da shi mana ka gani, ba abin da ka cin shi." Na san gaskiya ya faɗa. Ita kwana tara aka yi ana koya mata, ni sau ɗaya aka koya mini, kuma har yau ban tsaya na gani ba.